Kati Shida a Takalmin Walida

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da baki ya rufe. Walida, Anas, Sumayya, wannan babin naku ne ku uku, kuma da Hausa zan rubuta shi ko da na san Larabci ya fi zama a bakinku. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, in kun ga harafi ya karkace ku miƙar da shi da kanku. Kun tashi kuna jin ana cewa Kawunku Habibu ne ya kusa nakasa Walida da karambaninsa. Kakarku Sitti, Allah ya ji ƙanta, ta faɗa muku haka, maƙwabta ma sun faɗa, ni kuma duk lokacin da aka ɗauko zancen sai in tashi in shige kicin. Ba shi ba ne. Yau zan gaya muku yadda aka yi.

A shekarar muna gidan Sitti a unguwar Tandabawi cikin Makka, can saman tudu, inda mota ba ta kaiwa sai dai a ajiye ta a ƙasa a hau matakala. Ta tagar ɗakina ana hango dogon benen nan mai agogo, ga ƙarafunan gini sun yi cirko-cirko kewaye da Harami. Shekarata biyar da zuwa daga ƙasar Kano, Larabcina bai wuce na sayen burodi ba. Abbanku yana tuƙa motar alhazai. Walida tana da shekara huɗu, Anas yana goye, Sumayya kuwa ba a ma san da ke ba. Ku 'ya'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, dole in yi muku bayaninta, don in babu ita labarin nan ba zai shiga kanku ba. A inda na tashi uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta rungumarta a gaban manya, ba ta nuna ta damu da ita. Ga shi kuma sunan Sitti aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Walida. Sitti, duk da a Makka aka haife ta, ta riƙe al'adar nan fiye da matan garinmu. Takwararta tata ce, a ɗakinta take kwana, a kwanonta take ci. Ni rabona kallo ta wutsiyar ido da kasa kunne.

Da kunnen na fara ganewa. In Walida ta taho ta doguwar barandarmu, ƙafar dama tana sauka da tsabta, ta hagu kuma sai ta ɗan shafi ƙasa kafin ta tashi. Ko ina cikin soya albasa ina jin wannan shafar. Daga nan na sa ido, na ga gwiwar hagun tana faɗawa ciki kamar mai son raɗa wa 'yar'uwarta magana. Ba ta yin kwana uku ba ta faɗi a matakala ba. Takalminta kuma na hagun ne kawai yake cinyewa, shi ma ta gefen ciki, na daman yana nan kamar sabo. Rannan na yi ƙarfin hali, ina zuba wa Sitti shayi na ce:

"Hajiya, yarinyar nan kamar tana jan ƙafa."

"Wace yarinya?"

"Ta wajenki."

"Takwarata lafiyarta ƙalau. Haka ubanta ya yi, har ya shekara shida yana tafiya kamar agwagwa, yanzu ga shi yana taka burki da alhazai hamsin a bayansa. Ke dai ji da ɗan goyonki."

Na ɗauki butar shayi na koma kicin. Amma sai na shiga wani hali da har yau ban san sunansa ba. Da zarar takalmi ya fara nuna cinyewa sai in ɗauke shi in sayo irinsa a wajen matan da ke kasa kaya a bakin titi, in ajiye a mazauninsa. Tsohon kuma ba na iya jefarwa, sai in cusa shi a buhun shinkafa in tura ƙarƙashin gado. Tsoro nake kada wani ya gani ya ce daga danginmu aibun ya fito, kuma tsoro nake kada kowa ya ƙi gani har ƙafar ta lalace. Tsoron nan biyu suna cina lokaci guda, ga shi babu wanda zan gaya wa.

A watan Rajab Yaya Habibu ya zo Umra. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne ya goye ni ina ƙarama. A kasuwa ya fara, yana ɗinkin takalma a gindin wata bishiya, har Allah ya kai shi Dubai ya sami aiki a wani katafaren gida da ake yin dusar ƙanƙara a cikinsa, mutane suna biya su shiga su yi zamiya daga kan tudu. Shi yana ɗakin takalma. Duk lokacin da ya gaya mini haka a waya sai in ce, Yaya ka ji tsoron Allah, ƙanƙara a cikin wannan rana? To ashe ya riƙe maganar. Bayan an ci abinci an raba tsaraba, sai ya ciro wani jan abu daga ƙasan jakarsa ya dire a tsakiyar falo. Takalmi ne ƙwaya ɗaya, na yara, ya tsage ta baya an jefar ya tsinto. Na roba ne mai taurin dutse, wuyansa ya kai rabin ƙwauri, da maɗaurai na ƙarfe a jere. Sitti ta ɗaga shi da hannu biyu ta juya.

"Esh hada, mene ne wannan? Wannan takalmi ne ko turmi?"

"Takalmi ne, Hajiya."

"Wanda ya sa wannan laifin me ya yi?"

"Kuɗi yake biya a sa masa."

"To Allah ya ƙara mana lafiya. Kai kuma duk girmanka a cikin firji kake wuni kana ɗaura wa mutane mari?"

Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya zauna a ƙasa ya fara nuna mana, kuma tun daga nan dariyar ta bar bakina. Ya ce ana maƙala takalmin ne a kan wani dogon allo siriri, ƙafa ɗaya allo ɗaya, mutum ya sulalo daga sama da gudun mota. A cikin takalmin ƙafa ba ta da ikon motsi, saboda haka duk inda gwiwa ta karkata nan allon zai bi. Ya nuna mana wata kusa a daidai idon sawu. Ya ce in ka sassauta ta, wuyan takalmin yana kwantawa dama ko hagu, sai ka daidaita shi da ƙwaurin mai shi ka ɗaure, don ba kowa ƙwaurinsa yake a miƙe ba. In hakan bai isa ba sai a sa wani ɗan siririn abu a ƙarƙashi ta gefe ɗaya. Ya ce karkatar da ido ba ya ko gani ita ce take sa gwani ya yi ta faɗuwa yana zagin kansa, ita ce kuma take tsinka jijiyar gwiwa. Wani Bature tsoho ne ya koya masa, shekara biyu yana riƙe masa zaren awo kafin ya bar shi ya taɓa kusa. Ni dai na saki baki. Wai a duniyar nan akwai ƙanƙara a cikin ɗaki, akwai masu neman faɗuwa da kuɗinsu, akwai kuma mutumin da aikinsa ke nan ya durƙusa a gabansu ya hana gwiwarsu tsinkewa, kuma mutumin yayana ne da na sani da allura da zare a gindin bishiya.

Yana cikin magana Walida ta ratsa falon za ta ɗakin Sitti. Bai katse zancensa ba, amma na ga idonsa ya bi ta har ƙofa. Da la'asar ina wanke-wanke ya leƙo kicin.

"Dije, ina tsofaffin takalmanta?"

"Na wa?"

"Ni za ki yi wa kunya? Ni na wanke miki majina. Kawo su."

Na jawo buhun. Ya jera su a baranda inda haske yake, na hagu zalla, ƙwaya bakwai, daga ƙarami zuwa babba, ya kifa su. Ya daɗe a tsugune yana bin ƙasansu da yatsa kamar mai bin allo. Ya ce wannan na lokacin da ta fara gudu ne, wannan kuma ta sa shi da rauni a yatsa, ga inda ta riƙa kauce wa ciwon. Wallahi haka aka yi, ƙofa ce ta datse ta a watan. Abin da na kwana biyu ina ɓoyewa a matsayin abin kunya, shi karanta shi yake yi, kuma bai ga aibun kowa a ciki ba. Na tsaya a bayansa hawaye yana zuba, ban san dalili ba.

Washegari ya sauka unguwar Rusaifa ya sayo mata kambas mai igiya. Ya nemi izinin Sitti da ladabi, ya ce wasa zai yi da takwararta. Ya tsayar da Walida a kan tayil, ƙafafu a ware kaɗan, ya ɗiga mata biro a tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Ya cire ɗan kwaɗon jakarsa ya ɗaura a zare, ya riƙe zaren a kan ɗigon, kwaɗon ya sauka yana lilo har ya tsaya. A ƙafar dama ya tsaya a saitin tsakanin babban yatsa da mai bi masa. A ta hagu ya fita can ciki, ya bar ƙafar gaba ɗaya. Ya ce mu duba, muka duba, har Sitti ta gyara tabarau. Sai ya ce a ba shi tsohon katin waya, irin wanda ake kankarewa. Abbanku ya zazzage aljihu. Yaya ya yanka katin da almakashi tsawon gefen takalmin, ya ɗaga shimfiɗar ciki ya sa ɗaya ta gefen ciki, ya mayar, ya ɗaure mata igiya, ya sake sakin zare. Kwaɗon ya matso. Ya ƙara na biyu. Kwaɗon ya yi lilo, ya yi lilo, ya zo ya tsaya kusa da inda ɗan'uwansa ya tsaya.

"Je ki wajen Sitti ki dawo," in ji shi.

Ta tafi ta dawo. Na rufe ido don in ji da kyau. Shafar nan da na shekara ina ji ba ta nan. Ƙafa biyu ne suke sauka, ɗaya bayan ɗaya. Takarda biyu da ake jefarwa a kwata, su ne suka juya gwiwa, gwiwa ta juya ƙugu, har kafaɗarta na ga ta daidaita. Na ce a raina, Ya Rabbi, ashe haka ka haɗa mu, kowace gaɓa tana sauraren ta ƙasa da ita. Sitti ma sai da ta ce, ashe firjin nan ana koyon abu a ciki.

Yaya ya manne katin da gam, ya juyo ya dubi Abbanku, sannan ya dube ni.

"Biyu ne. Kada a ƙara, kada a rage. Kuma ni ba likita ba ne, mai takalmi ne. Wannan na riƙon ƙwarya ne, ku kai ta wajen likitan ƙashi ya gani."

"In sha Allah bayan Hajji," in ji Abbanku. "Yanzu aiki ya taso, ko barci ba na samu."

Kafin Yaya ya koma na raka shi Harami. Shekara biyar ina shiga wurin nan, amma ranar kamar an sake mini ido. Tun daga ƙofa nake kallon takalman da mutane suka riƙo a hannu: wannan ya cinye ta dunduniya, wancan ta waje, wani ta kan yatsa. Da muka shiga tsakanin Safa da Marwa kuwa, inda kowa yake ba takalmi a kan farin dutse, sai na kasa ɗaga kai. Ƙafafu ne ba iyaka, baƙi da fari da ja, masu faso da masu lalle, wata tana buɗewa waje, wata tana kallon ciki, wata tsohuwa tana taka gefen ƙafa kamar mai tsoron tada barci. Ban ga biyu iri ɗaya ba. Kowa da karkatarsa, kuma kowa karkatar ce ta ɗauko shi daga ƙarshen duniya ta kawo shi nan. Na ce wa Yaya ko shi haka yake ganin mutane kullum. Ya ce shi ya sa ba ya iya raina kowa, ya ga yadda kowa yake fama kafin ya tsaya a miƙe.

Ya tafi. Sha'aban ya wuce lafiya, Walida ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Da na bar abin haka, da babu wannan babin. Amma ni mai tsoro ce, kuma mai tsoro ba ya iya zama da alheri, sai ya tona shi ya ga ko yana nan. Na lura in ta cire kambas ɗin gwiwar tana komawa gidan jiya. Na fara lissafi irin na marar sani: in biyu sun gyara ta a cikin takalmi, ai huɗu za su tura ƙashin ya gyaru gaba ɗaya, kafin Hajji an gama, ba sai an je asibiti a ce 'yar wance tana da nakasa ba. Ban kira Yaya na tambaye shi ba don na san abin da zai ce. Ban gaya wa Abbanku ba don uwa ba ta kai ƙarar ƙafar 'yar fari. Da azahar, lokacin da duk gidan ake ƙailula, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta ruri, sai in ɗauko takalmin daga ƙofar Sitti in shige kicin da almakashi. Na sa na uku a farkon azumi. Na huɗu a tsakiyarsa. Bayan Salla na ƙara biyu a rana ɗaya. Har zare na ɗaura wa cokali ina gwadawa a gwiwata, ban san me nake dubawa ba.

Walida, kin gaya mini. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Kin same ni a kicin kin ce, Umma takalmin nan yana ture ni. Na leƙa na ga Sitti tana falo tana jinmu, sai na ce miki ki wuce ki ba ni wuri, ba na son shagwaɓa. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, kin bi Sitti za ku sayo burodin tamis. A matakala ta huɗu daga sama ƙafar ta juye waje, kika tafi da ka har ƙasa. Ina ɗaki na ji ƙarar, kuma kafin kowa ya gaya mini na san mene ne, na san kuma wanda ya yi. Garin neman gira na kusa rasa ido.

A asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashin idon sawu ya tsage, goshi kuma ɗinki huɗu. Likitan ya ce a ba shi takalmin. Ya ɗaga shimfiɗar, ya ɓanɓaro katin a dunƙule, ya ɗaga sama yana juyawa. Ya yi tambaya da Larabci, kuma duk ƙarancin Larabcina na ji ta: wa ya sa wannan? Ina tsaye da Anas a baya, bakina ya buɗe. Sitti ta riga ni.

"Kawunta ne. Wani mai gyaran takalmi."

Na rufe bakin. A nan ne na yanke shawarar da na zauna da ita shekara da shekaru, kuma ba zan ce muku ban san me nake yi ba. Na sani. Na hango ana haɗa mini kaya, na hango jirgi, na hango ku a nan ni a can, don zamana a ƙasar nan a kan takardar Abbanku yake. Wataƙila da ba a yi mini haka ba, Abbanku ba mugu ba ne. Amma tsoro ba ya tsayawa ya tambaya.

Da muka dawo gida Abbanku ya kira Yaya, ya buɗe muryar wayar don Sitti ta ji. Ban taɓa jin ya yi wa babba magana haka ba. Ya ce an karɓe shi hannu biyu ya zo ya yi gwaji da 'yar mutane, ya ce mai ɗinkin takalmi ya tsaya a matsayinsa. Sitti tana ƙarawa daga gefe. Yaya bai katse su ba. Da suka lafa sai ya ce:

"Yaya jikin nata?"

"An sa mata siminti."

"Allah ya ba ta lafiya. Kati nawa likitan ya ciro?"

"Shida. Ga su nan a hannuna," in ji Abbanku.

"Ai biyu..." in ji Abbanku kuma, kamar mai son tuno wani abu, sai Sitti ta ce ina ita ina ƙirga, ba shi ya manne su da hannunsa ba? Ina jin numfashin Yaya ta cikin wayar. Na san ya gane, mutumin da ya karanta datsewar yatsa a ƙasan silifa ba zai kasa karanta wannan ba. Na jingina da bango ina jiran ya kira sunana.

"Na yi kuskure," in ji shi. "Ku yi haƙuri. Hajiya, ki yafe mini. Laifina ne."

Sitti ta ce kada ya sake tako mata gida. Ya ce to.

Na ga abubuwan mamaki a garin nan. Na ga mutane sun cika Harami har ba ka ganin ƙasa, na ga ruwan sama yana zuba daga indararon Ka'aba mutane suna kuka. Amma ban taɓa jin jikina ya yi sanyi irin na wannan rana ba, da na ji mutum ya ɗauki abin da bai yi ba ya aza a kansa ba tare da muryarsa ta canja ba. Aikin nan shi ne abin alfaharinsa a duniya. Shi ya ba da don aurena ya zauna.

Da aka cire simintin, likitan ƙashi ya auna Walida ya sa aka yi mata shimfiɗar takalmi ta musamman. Ranar da aka kawo ta na shiga kicin na gwada tudun gefenta da katin waya. Biyu ne cif. Ni kaɗai na gani, na kuma haɗiye. Da wannan shimfiɗar da motsa jikin da aka koya mata ƙafar ta daidaita, aka ce likita ya gyara ɓarnar Kawu.

Sau biyu Yaya ya sake zuwa Umra a shekarun nan, yana sauka wajen wani abokinsa a unguwar Ka'akiyya. A na biyun na ce zan je ɗawafi, na same shi a harabar Harami bayan sallar la'asar. Furfura ta fito masa. Na durƙusa na fara, Yaya ni ce, sai ya ɗaga hannu.

"Na sani, Dije. Tashi, mutane suna kallo."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In na faɗa ƙashin zai haɗe ne? Kuma ba ƙarya na yi musu ba. Na ce miki biyu, ban gaya miki dalili ba. Tsohon da ya koya mini ya sha gaya mini cewa gyara in ya wuce kima ya fi rashin gyara haɗari, don ƙafa ta saba da karkatarta, ba ta saba da taka ba. Na san ki da tsoro tun kina ƙarama, na bar ki da almakashi ban gaya miki wannan ba. Yanzu yaya tafiyarta?"

"Lafiya lau. Har gudu take yi."

"Ta wane gefe takalmin yake cinyewa?"

"Ta tsakiya."

Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, ya ce alhamdulillahi, ya sayo mini ruwan lemo. Ya roƙe ni kada in tada zancen, na kuwa ji daɗin roƙon, na fake da shi. Sitti ta rasu tana riƙe da shi a rai, wannan ba zan iya gyara shi ba, sai dai in roƙa mana gafara ni da ita. Ku kuma kun girma in ya kira waya kuna miƙa wa juna kamar garwashi. Walida, ranar da kika ce ba za ki gaisa da mutumin da ya bar miki tabo a goshi ba, ranar na sayi littafin nan.

Abbanku na fara karanta wa, a makon jiya. Har yau maganarmu ba ta wuce gaisuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ya ɗauki waya ya hau soro, ya daɗe, da ya sauko idonsa ya yi ja. Ya ce Yaya zai zo bayan Salla, kuma a gidan nan zai sauka.

Ban ce ku yafe mini yau ba, ku ɗauki lokacinku. Abu ɗaya nake roƙo. Anas, kai za ka tare shi a ƙasa ka ɗauko jaka. Sumayya, ki dafa masa shayi, ba ya son sukari da yawa. Walida, ke za ki buɗe ƙofa, in ya cire takalmi ki sunkuya ki juya masa su. In kin gaishe shi bai amsa da wuri ba kada ki ɗauka fushi ne. Zai ce ki je ƙarshen baranda ki dawo. Ki je.